Ranar da Majami'a Ta Zama Asibiti

'Yan'uwa matasa a cikin Ubangiji, idan babbar mota ta kife ko gini ya rufta, mukan ga masu agajin gaggawa suna kutsawa inda kowa yake gudu. Aikin nan yana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi.

Ran 24 ga Yuni 1859, sojojin Faransa da na Sardiniya suka gwabza da na Austiriya a Solferino, arewacin Italiya. Cikin yini ɗaya, kimanin mutum 40,000 suka mutu ko suka ji rauni. Likitocin soja suka yi kaɗan. Aka kwashi dubban masu rauni zuwa garin Castiglione, har babbar majami'ar garin ta cika da ɗaruruwansu.

A nan Henri Dunant ya same su. Ɗan kasuwa ne daga Geneva, ya zo neman Sarki Napoleon na Uku kan harkar kasuwancinsa. Ba likita ba ne, amma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar samari Kirista ta YMCA a garinsu a 1852. Ya ajiye abin da ya kawo shi, ya tara matan garin. Suka riƙa ɗebo ruwa, suna wanke raunuka, suna ɗaurewa. Sojojin Austiriya abokan gāba ne, duk da haka matan suka yi jinyarsu kamar 'yan'uwa. Dunant ya kuma roƙa aka saki likitocin Austiriya da aka kama domin su sa hannu.

A 1862 ya rubuta littafi kan abin da ya gani. A 1863 aka kafa kwamitin da ya zama Red Cross. A 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu a Yarjejeniyar Geneva, wadda ta kāre masu rauni da masu jinyarsu, ko daga wane ɓangare suke.

Mun san rikicin da ake tambayar mutum addininsa ko ƙabilarsa kafin a taimake shi. Mai agaji ba ya wannan tambaya, haka ma Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa a Luka 10. Saboda haka mu koyi taimakon farko, mu ba da jini, mu kauce wa motar asibiti a hanya, mu kuma riƙa sa waɗannan ma'aikata cikin addu'a. Ubangiji ya ƙarfafa hannuwansu. Amin.