Daskarewar kwamfuta

Daskarewar kwamfuta wani yanayi ne da na'ura ke tsayawa cak tana kunne, hoto yana kan allo amma ba ta amsa linzami ko madannai. Ta bambanta da faɗuwar babbar manhaja, inda Windows ke nuna allon kuskure, ko Linux ya rubuta saƙon "kernel panic". Daskarewa ta fi wuyar bincike domin sau da yawa ba ta barin saƙo a allo.

Dalilai

Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja. Duk manhajar da za ta karanta fayil ko ta adana shi sai ta bi ta hannunsa, shi kuma ya miƙa buƙatar ga tsarin ajiyar fayil, kamar NTFS na Windows (1993) ko ext4 na Linux (2008), daga nan zuwa faifan ajiya. Idan faifan ya samu lalataccen gurbi, zai yi ta maimaita karatu, manhajoji kuma su yi ta jira har komai ya tsaya.

Ɗauke wuta a tsakiyar rubutu, abin da masu kwamfutar tebur a Kano suka saba da shi, yana iya barin fayil rabi da rabi. NTFS da ext4 suna da kundin da suke rubuta abin da za su yi kafin su yi, don haka sukan farfaɗo da kansu. FAT32 da exFAT, waɗanda aka fi samu a filasha da katin memori, ba su da shi.

Ba kullum ne laifin yake inda alamar ta fito ba. A ƙarshen 2018 masu amfani da Linux 4.19 sun yi ta kukan lalacewar fayiloli a ext4, amma da aka bincika sai aka samu kuskuren a wani sashe na ƙasa mai tsara layin buƙatun faifai, aka gyara shi a Disamba 2018.

Yadda ake ganowa

Gwaji na farko shi ne danna Caps Lock. Idan fitilarsa ta amsa, galibi kanel yana raye, abin da ke saman allo ne ya maƙale. A Linux ana iya shiga allon rubutu da Ctrl+Alt+F3. Idan kuwa fitilar tana ƙiftawa da kanta, kanel ya faɗi.

Bayan an sake kunnawa sai a karanta bayanan da kanel ya bari. Umarnin journalctl -k -b -1 yana nuna saƙonnin kunnawar da ta gabata, matuƙar an saita na'urar ta riƙa adana su. Ana neman "I/O error", ko "EXT4-fs error", ko saƙon da ke cewa wani aiki ya toshe fiye da daƙiƙa 120. A Windows ana duba Event Viewer. Lamba 41 ta Kernel-Power tana nufin an kashe na'urar ba bisa ƙa'ida ba ne kawai, ba ta faɗin dalili, amma lamba 7 daga faifai tana nuna lalataccen gurbi, lamba 55 kuma lalacewar NTFS.

Daga nan sai a auna lafiyar faifan da smartctl ko CrystalDiskInfo, a gwada ram da Memtest86+, domin ram mai matsala yana lalata fayil a faifai mai lafiya.

Gyara

Al'adar gaggawar yin fomat, wadda ta yawaita a shagunan gyara, tana share shaidar matsalar tare da fayilolin mai na'ura, kuma idan faifan ne ke mutuwa daskarewar za ta dawo. Idan awo ya nuna faifan ya fara lalacewa, ana fara kwafe shi da ddrescue kafin a taɓa komai. Bayan haka ne ake amfani da chkdsk /f a Windows ko fsck a Linux. Ba a sa fsck ya gyara sashen faifan da ke buɗe ana aiki da shi, sai an tayar da kwamfutar daga filasha.