Wuraren Tunawa da Waɗanda Suka Yaƙi Turawan Mulkin Mallaka a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa ba a kafa wa mazan da suka tari Turawan Ingila mutum-mutumi ba, domin Musulunci ya hana sassaƙa surar ɗan Adam, saboda haka tunawa da su ta rataya ne a kan kaburbura da laƙabobi da sunayen wurare. Wannan ya bambanta da abin da ake gani a Koriya ta Kudu, wadda Japan ta mallaka daga 1910 zuwa 1945, inda aka buɗe katafaren zauren tarihin 'yanci a Cheonan a 1987, aka kuma mai da kurkukun Seodaemun, da aka tsare 'yan gwagwarmaya a cikinsa, gidan tarihi.

Masarautar Gumel, wadda a da take bin Borno, ta shiga hannun Turawa a 1903 ba tare da yaƙi ba, don haka fagen fama mafi kusa da mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar shi ne Haɗeja. A can ne Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, har aka ruwaito cewa an mari manzon da Turawa suka aiko masa, sai rundunar Kanar Lowry Cole ta auka wa birnin ranar 25 ga Afrilu, 1906, aka yi ta gwabzawa har cikin fada, inda aka kashe sarkin tare da jarumansa da dama. Tun daga lokacin ake kiransa Mai Shahada, wato wanda ya mutu a kan kare addini, kuma laƙabin ya kusa shafe sunansa na yanka a bakin Haɗejawa.

A Sakkwato, filin Giginya, inda aka kara da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, ya bar sunansa a kan filin wasa da barikin soja da otal, ko da yake ba kowane mai ambaton sunan ba ne yake tuna asalinsa. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya yi hijira gabas bayan wannan yaƙin, ya kwanta dama a Burmi ranar 27 ga Yulin wannan shekarar, kabarinsa yana can a jihar Gombe ta yau, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuwa ya ƙarasa Sudan da sauran muhajirai, suka kafa garin da har yanzu yake amsa laƙabinsa a bakin kogin Nilu.

Rabon tunawar dai bai zo daidai ba. Talakawa da bayin Satiru, da suka yi bore a 1906, an rushe ƙauyensu aka hana sake zama a cikinsa, kuma da yake masu sarautar Sakkwato sun mara wa Turawa baya wajen murƙushe su, babu wata fada da ta ɗauki nauyin raya sunansu.