Tarihin Labaran Binciken Kisa a Manyan Gidajen Karkarar Ingila

Labarin binciken kisa da ake ginawa a katafaren gidan attajirai a karkara ya samo asali ne daga Ingila, kuma kisa na gaske ne ya haife shi. A watan Yunin 1860 aka ɗauke wani yaro ɗan shekara uku, Saville Kent, daga gadonsa cikin dare, aka tsinci gawarsa a harabar gidansu, Road Hill House, a yankin Wiltshire. Alamu sun nuna a gidan mai laifin ya kwana. Ɗan sandan ciki da aka turo daga Landan, Jonathan Whicher, ya zargi Constance, yayar yaron da suke uba ɗaya, jaridu suka yi masa caa don ya taɓa ɗiyar gidan mutunci. Sai a 1865 ta amsa laifinta.

Marubuci Wilkie Collins ya tsinci wasu abubuwa daga wannan shari'a ya zuba a littafinsa The Moonstone na 1868, inda wani lu'ulu'u daga Indiya ya ɓace a wani gida a Yorkshire. Sata ce, ba kisa ba, amma ginshiƙan salon sun riga sun tsaya: gida can nesa da gari, mutane ƙidayayyu, kowa da abin da yake ɓoyewa, da baƙon mai bincike.

Al'adar masu kuɗin wancan zamani ce ta sa irin wannan gida ya dace da labarin. Sukan gayyaci baƙi daga Asabar zuwa Litinin, a zo ta jirgin ƙasa, a yi farautar tsuntsaye, a ci abincin dare cikin ado. Iyalin gida suna sama, barori suna ƙasa suna jin komai ba a lissafa su. Ga dangi masu jiran gado, ga wasiyyar da ake iya sauyawa kowane lokaci. Komai na gidan kuma da ƙa'idar lokacinsa, don haka duk wanda ba a gani ba lokacin shayi sai ya faɗi inda yake.

Agatha Christie ce ta daidaita salon. Ta rubuta The Mysterious Affair at Styles a 1916, a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya da ta yi aikin jinya da haɗa magunguna a Torquay, shi ya sa guba ce makamin kisan. Littafin ya fito a 1920, da mai bincike Hercule Poirot ɗan Beljiyam, har da zanen ɗakunan gidan don mai karatu ya bi sawu da kansa. Karatun ya zama wasa ƙwaƙwalwa tsakanin marubuci da mai karatu, wasa kuwa sai da dokoki. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya wallafa dokoki goma: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a yarda fatalwa ko tsafi su warware matsala ba, ɓoyayyen ɗaki ko ɓoyayyar hanya kada su wuce ɗaya. A 1930 marubutan suka kafa ƙungiyarsu, Detection Club.

Galibin masu karatun ba su taɓa kwana a irin waɗannan gidaje ba. Aron littattafan suke yi, ko su saya a tashar jirgi. Daga 1935 kamfanin Penguin ya riƙa sayar da su a kan sisi, na laifuka da koren bango. Ba kowa salon ya burge ba: a 1944 Raymond Chandler na Amurka ya soke shi da cewa kisan da ke ciki bai yi kama da na duniya ba, kuma da gaskiyarsa.

Abin lura shi ne labarin ya bunƙasa daidai lokacin da gidajen ke mutuwa. Harajin gado ya yi nauyi, barori suka koma masana'antu, bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka rushe ɗaruruwan gidaje, wasu suka zama makarantu da otal-otal. Labarin ya bi su can. A wasan kwaikwayon Christie, The Mousetrap, na 1952, wasu ma'aurata sun mayar da gidan gado masaukin baƙi, dusar ƙanƙara ta tsare kowa a ciki.

A yau wuraren shaƙatawa masu tsada ne suka gaji matsayin, baƙon da ake gayyata ya koma mai biyan kuɗi. Ƙalubalen marubucin yanzu wayar salula ce, don kira ɗaya zai kawo 'yan sanda. Wasu kan kai mutanensu tsaunukan Sikotilan inda babu sabis. Liane Moriarty kuwa, a littafinta Nine Perfect Strangers na 2018, ta sa masu wurin hutawa a Ostireliya suna karɓe wayoyin baƙi tun daga shigarsu, da sunan neman lafiya.