Yadda Nyanya da Mararaba suka zama ɗakin kwanan Abuja

1/ Duk wanda ya taɓa shiga Abuja ta hanyar Keffi da asuba ya san cunkoson Mararaba da Nyanya. Kowa cewa yake titi ne ya yi kaɗan. Ni a ganina matsalar gida ce, kuma ta girmi yawancinmu. Ku biyo ni.

2/ A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta yi dokar da ta kafa sabon babban birni. Dokar ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk ƙasar yankin. Wato a Abuja fili na halak sai ta hannun hukuma. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Taswirar birnin ta fito a 1979. Amma kafin a gina birni ai sai an sami inda magina za su kwana. Nyanya, wadda asali yankin Gbagyi ne, nan aka yi wa leburori da ƙananan ma'aikata masauki, ƙananan ɗakuna a jere. Da sunan wucin gadi fa.

4/ Ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas. Ma'aikata suka kwararo, gidajen Garki da Wuse ba su isa ba. Manya suka nufi Maitama da Asokoro. Direba, masinja, mai gadi da mai shayi kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

5/ Nan Mararaba ta shigo. Tana manne da Nyanya, amma a ƙaramar hukumar Karu take, jihar Nasarawa (kafin 1996 Filato ce). Dokar filin Abuja ba ta hau kanta ba. Sai ka sayi fili a hannun 'yan ƙasa, ka jera ɗakuna, ka zuba 'yan haya. Ba magudanar ruwa, ba tsarin layi, amma da araha.

6/ Lokacin da ya fi jijjiga kasuwar shi ne 2003 zuwa 2007. Gwamnatin Obasanjo ta daina ba ma'aikata gida, ta koma ba su kuɗin haya a albashi, aka sa gidajen gwamnati a kasuwa. Wanda ke ciki kuma ya iya biya ya zama mai gida a tsakiyar birni. Wanda aka ɗauka aiki daga baya ya tarar an gama rabo.

7/ A daidai lokacin El-Rufai yana minista, ana rusau a unguwanni irin su Idu-Karmo. Masu goyon bayansa sun ce taswira ya kare, kuma da gaskiyarsu. Sai dai wanda aka rushe wa ɗaki ba garinsu ya koma ba, gaba ya matsa. Masu gidajen haya a Karu suka ga kasuwa ta buɗe.

8/ Bam ɗin tashar Nyanya, 14 ga Afrilu 2014, ya kashe fiye da mutum 70. Ku duba lokacin: sassafe, mutane na rububin motar zuwa aiki a birnin da ba su iya kama ɗaki a cikinsa.

9/ Yau a layi guda za ka tarar da Bagwari, Bahaushe, Tibi, Ibo da wanda rikici ya koro daga Borno. Har yanzu kuɗin shekara ake nema a dunƙule, ga na dillali. Wanda Mararaba ta fi ƙarfinsa yanzu Ado yake nufa, ko Masaka, wasu ma har Keffi.