BABI NA UKU: TARIHIN MASAUKI DA HAYAR GIDA A ƘAUYUKAN BAKIN GULBI NA ƘAURAR NAMODA DA SHINKAFI DA ZURMI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin yanayin ƙasa da sana'o'in mutanen wannan yanki. Wannan babi kuwa zai dubi yadda baƙo yake samun wurin zama a ƙananan ƙauyukan da ke bakin Gulbin Gagare da Gulbin Bunsuru, tun kafin jihadi har zuwa yau. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, biyan kuɗin haya baƙon abu ne a waɗannan ƙauyuka, kuma shigowarsa ta raba abubuwa biyu da a da suke tafiya tare, wato ɗakin kwana da haƙƙin noma a fadama.

3.1 Gulbi da Zaman Jama'a

Gulbin Gagare ya ratsa ta gefen Ƙaurar Namoda ya nufi arewa, Bunsuru kuma ya fito daga ƙasar Katsina ya bi ta Zurmi. Su biyun suna haɗuwa a wajajen Shinkafi da Isa, su zama Gulbin Rima. Da damina sukan cika har su yi ambaliya, da rani kuwa sai rairayi, wanda in an tona shi kaɗan ruwa ya ɓuɓɓugo. Saboda haka mutanen bakin gulbi sukan gina gidajensu a kan jigawa don gudun ambaliya, su bar fadama don shinkafa da rake da albasa da taba da dankali. Ke nan darajar ƙauye tana ga fadamarsa. Filin gini kuwa ba shi da wata tsada, domin ƙasar gini da kara da shuci duk suna kusa, kuma da gayya ake tayar da ɗaki cikin 'yan kwanaki.

3.2 Baƙo Kafin Zuwan Turawa

A tsarin gargajiya ƙasa tana hannun sarki ne a matsayin amana, hakimai da dagatai da masu unguwanni kuma su ke raba ta. Idan baƙo ya zo da niyyar zama, sai ya fara neman mai masauki. Shi zai ba shi zaure ko wani ɗaki a ƙofar gida, sannan ya kai shi gaban mai unguwa ya tsaya masa. In an ga halinsa na kirki ne, sai a yanka masa filin gida a ba shi aron gona. Abin da baƙon yake bayarwa shi ne kuɗin goro, da damin gero ko dawa bayan girbi, da fita aikin gayya, da amsa kiran sarki. Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma a wannan tsari raɓar takan iya zama kaba, domin bayan 'yan shekaru baƙon yakan yi aure a garin, 'ya'yansa su gaji gonar da aka ara masa.

Dalilin wannan karamci a bayyane yake. A wancan zamani ƙasa ta fi mutane yawa, kuma ƙarfin sarki yana ga yawan talakawansa. Sai dai tarihin Zamfara ya nuna cewa saukar baƙo tana da nata haɗarin. Bayanan baka sun nuna cewa Gobirawa sun shigo ne da neman wurin zama, Sarkin Zamfara ya ba su wuri a gonar alƙalinsa, inda aka sami sunan Alƙalawa. A wajajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama hedikwatar Gobir har zuwa 1808 da masu jihadi suka ci ta. Fulani Alibawa na Zurmi, waɗanda daga cikinsu Namoda ya fito, sun taka rawa a wannan yaƙi, kuma garuruwan da suka kafu bayan jihadi sun cika ne ta hanyar karɓar baƙi da ba su gonaki.

Fatake da masu cin rani su ma ba su biyan haya kai tsaye. Mai masauki yakan ba falke ɗaki da abinci da wurin ɗaure jakai, ya nemo masa mai saye, ladansa kuma ya fito daga la'adar ciniki.

3.3 Jirgin Ƙasa da Farkon Haya

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, amma a ƙauyuka rabon gona ya ci gaba a hannun dagatai. Babban canji ya zo ne a 1929, lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Gusau ta iso Ƙaurar Namoda ta tsaya a nan. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu daga Shinkafi da Zurmi da Isa har da ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau. Ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna a kusa da tasha da Sabon Gari. Waɗannan mutane albashi suke ɗauka, ba su zo neman gona ba, kuma ba su da niyyar zama talakawan dagaci. Su ne suka fara biyan kuɗin ɗaki wata-wata.

A ƙauyukan bakin gulbi abin bai shiga nan take ba. 'Yan baranda da ke sayen gyaɗa da kaka sukan sauka a zauren wani mai hali, su yi masa alheri idan za su tashi. Karɓar kuɗin ɗaki daga hannun baƙo abin kunya ne ga magidanci, duk da cewa shari'ar Musulunci ta halatta haya.

3.4 Ma'aikatan Gwamnati a Ƙauye

Shekarun 1970 ne suka kai haya ƙauye. An kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, sannan a 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta, aka kuma yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Sai ga malaman makaranta da malaman asibiti da malaman gona an turo su ƙauyukan da babu gidan gwamnati. Da farko dagaci kan ba malami ɗaki kyauta, malamin kuma ya riƙa karanta wa mutane wasiƙa da rubuta musu takarda. Da yawansu ya ƙaru, sai masu hali suka fara gina shaguna da ɗakunan kwano a bakin hanya don haya. Buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaurar Namoda a 1983 ya ƙara wa sana'ar ƙarfi, haka ma ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Yarjejeniyar haya a ƙauye da baki ake yin ta a gaban shaidu, galibi ba takarda. Yaɓe da gyaran indararo kafin damina kan faɗa wuyan wanda ke cikin ɗakin. Da gulbi ya kawo, ɗan haya kan yi kwanaki bai ƙetare ba sai da taimakon masu fito, kuma idan ambaliya ta rushe ɗaki babu wanda zai biya shi kayansa. Mafi muhimmanci, kuɗin da yake biya bai ba shi ko taƙi ɗaya a fadama ba. A shekarun 1990, da injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka maye gurbin jigo, noman rani ya yi riba, sai fadamar ita ma ta koma ta haya da jingina, aro ya ja baya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar filin karkara, amma ba ta tanadi wata kariya ga mai zaman aro ba.

3.5 Rashin Tsaro da Juyawar Al'amari

Daga wajajen 2011 hare-haren 'yan bindiga suka addabi yankin, musamman ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da ke kusa da daji. Ma'aikatan da ke haya a ƙauye su suka fara tashi, domin ba abin da ya ɗaure su. Daga baya masu gidajen su ma suka bi sahu. A watannin Agusta da Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako-mako a jihar, aka katse layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka, wanda shi ne abincin injin ban ruwa. Ta haka manomin da kakanninsa suka sauki baƙi kyauta ya wayi gari yana neman ɗakin haya a Ƙaura ko Shinkafi ko Gusau, ba albashi, ba gona. Wanda ya sami dangi ya raɓa da su, wanda bai samu ba ya shiga kango ko ajin makaranta. A nan an ga ragowar tsohuwar al'ada, domin magidanta da dama sun buɗe zaurukansu ba su nemi ko kwabo ba. Amma gari ba shi da gonar da zai ara, saboda haka masaukin bai kai baƙon ga tsayawa da ƙafarsa kamar da ba.

3.6 Naɗewa

Wannan babi ya bi sawun matakai huɗu: masauki da aron gona, hayar da jirgin ƙasa ya kawo a 1929, hayar ma'aikata a ƙauye daga 1976, da hayar 'yan gudun hijira. An ga cewa tsohon tsari yana mayar da baƙo ɗan gari ne saboda ɗaki da gona tare ake ba da su, haya kuwa ta tsaya ga ɗaki kawai. Wannan yana da muhimmanci ga duk wani shirin mayar da mutane ƙauyukansu, domin wanda ya zauna shekara ashirin a kan gonar aro ba shi da takardar da zai nuna idan ya dawo. Babi na huɗu zai dubi yadda dagatai da kotunan shari'a suke warware rigingimun aro da jingina a fadamun yankin.