Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Rarrabe Galaksi da Gungun Taurari

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Kaza da 'Ya'yanta. A wurin masana falaki, wannan gungun taurari ne kawai, ɗaya daga cikin dubban da ke cikin galaksinmu. To, me ya raba gungu da galaksi? Amsar ta sauya fiye da sau ɗaya.

A shekarar 964, Abdurrahman al-Sufi ya ambaci wani ɗan gajimare a sashen samaniya da ake kira Andiromeda. Ƙarnuka suka shuɗe ba a san hakikaninsa ba, har aka yi muhawara a Washinton a 1920. Harlow Shapley ya ce irin waɗannan gajimarai a cikin galaksinmu suke, Heber Curtis kuwa ya ce kowannensu duniyar taurari ce mai zaman kanta. Edwin Hubble ne ya raba gardama. A 1923 ya hango a Andiromeda wani tauraro mai haske yana ƙaruwa yana raguwa, ya auna nisansa bisa ƙa'idar da Henrietta Leavitt ta fitar a 1912, sai ga shi can nesa da iyakar galaksinmu. Daga nan aka ɗauki nisa da girma a matsayin ma'auni.

Sai dai ma'aunin bai ɗore ba. Omega Sentauri na da taurari wajen miliyan 10, amma gungu ake kiransa, alhali Segue 1, mai taurari kusan 1,000, galaksi ake lissafa shi. Dalili kuwa shi ne, taurarin Segue 1 suna gudun da ya isa ya tarwatsa su, in da nauyinsu kaɗai ke riƙe da su. Ke nan akwai wani ɓoyayyen nauyi da ido ba ya gani. A kan haka ne Beth Willman da Jay Strader suka ba da shawara a 2012 cewa galaksi shi ne tarin taurarin da abin da ake gani a cikinsa bai isa ya bayyana halayensa ba.

Har yau Omega Sentauri bai bar masana sun huta ba, domin wasu na ganin ƙwaryar wani ƙaramin galaksi ne da namu ya haɗiye. In haka ta tabbata, sunan da ya daɗe yana amsawa aro ne.