Gashin ƙashi: Yadda ake maganin ciwon jiki da motsi

Gashin ƙashi shi ne sunan da Hausawa suka laƙaba wa sashen aikin asibiti da ke magance ciwon tsoka da sandarewar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki da tausa da ɗumama wurin da ke ciwo, ba tare da tiyata ba.

Sai dai sunan na iya yaudarar mai jin sa, domin gashin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Motsin ne ginshiƙi.

A gari irin Kongolam, wanda ke ƙaramar hukumar Mai'aduwa a masarautar Daura, daidai kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, da ƙarfin jiki akasarin jama'a ke neman abinci.

Ɗan dako mai sauke buhuna, da manomin da ke yini a duƙe da fartanya, da direban da ke bin hanyar Daura zuwa Matamaye da Damagaram, duk bayansu ne jarinsu. Ranar da baya ya riƙe, cefane ya tsaya.

Kuma matsalar ta game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, adadin da take hasashen zai kai miliyan 843 nan da 2050.

Me ya sa motsi?

Gaɓar da aka daɗe ba a motsa ta ba kan sandare, saboda jijiyoyin da ke kewaye da ita suna tsukewa, tsokar da ke jan ta kuma tana ramewa.

Haka nan guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke zagaya da ruwan.

Wannan ne ya sa likitoci suka daina bai wa mai ciwon baya shawarar ya kwanta kwana da kwanaki, kamar yadda aka saba a da. Mafi yawan ciwon bayan da ya zo farat ɗaya kan lafa cikin 'yan makonni, doguwar kwanciya kuwa jinkirta sauƙin take yi.

Jami'in gashi kan fara ne da duba iya inda gaɓa ke lanƙwasuwa, da ƙarfin tsoka, da yadda mutum ke tafiya ko ɗaga kaya, sannan ya tsara masa motsin da zai riƙa maimaitawa, ana ƙara masa nauyi sannu a hankali.

Ɗumi da tausa kan sa tsoka ta saki har a iya yin motsin. Sabon targaɗe mai kumburi kuwa an fi ɗora masa ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina jin taɓi na iya ƙonewa da ruwan gashi bai sani ba.

Majinyata da dama ba sa jin an yi musu aiki sai an jona musu na'ura. Amma a ƙa'idojin da ta fitar a watan Disambar 2023 kan ciwon bayan da ya wuce wata uku, WHO ta goyi bayan motsa jiki da tausa da ilmantar da majinyaci, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar baya, ko na'urar jan ƙashin baya, ko mai aika 'yar wutar lantarki ta fata.

Ɗori da ƙwayoyi

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, wurin maɗori da yawa ke fara zuwa idan an samu karaya ko gocewar ƙashi. Yana kusa, ba shi da tsada, kuma an yarda da shi tun kaka da kakanni.

Haɗarin shi ne ɗaurin da ya matse har ya tare jini, abin da kan kai ga ruɓewa da yanke hannu ko ƙafa.

Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba: ƙashi ya haɗe, amma gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Wannan kan faru ko da a asibiti aka sa filasta, kuma a nan ne aikin gashi ke farawa.

Hakan take ga shanyewar ɓarin jiki, inda aka fi samun farfaɗowa a watanni uku zuwa shida na farko. Wanda aka ajiye a ɗaki a wannan tsakani kan wayi gari da hannu a ƙanƙame.

Wanda ba zai iya fashin aiki ba kuwa kan koma wa ƙwayoyi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano cewa kimanin mutane miliyan 4.6 ne suka sha magunguna irin su tramadol ba bisa umarnin likita ba.

Su ma masu kashe zafi irin su diclofenac, yawan shan su na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Ba kowane ciwo ake gasawa ba. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama na iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Idan kuma ƙafafu suka yi rauni, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, asibiti ake nufa nan take.

Inda ake samu

Wasu Turawan Birtaniya biyu ne suka fara wannan aiki a Najeriya a 1945, a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. Jami'ar Ibadan ta soma karatun digirinsa a 1966, a 1988 kuma aka yi dokar kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista.

A arewa, Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu horar da su, kuma akwai sassan gashi a asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Aminu Kano da kuma asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina.

Galibin ƙwararrun dai a birane suke, gashi kuwa ba zuwa ɗaya ba ne. Ga mutumin Kongolam, kuɗin mota na iya fin kuɗin aikin, don haka jami'an gashi kan koya wa majinyaci da mai jinyarsa motsin da za su ci gaba da yi a gida, a dawo bayan wani lokaci a duba inda aka kai.